Daga Masaƙa Zuwa Sararin Samaniya: Gaskiya Da Ƙanzon Kurege A Labarin Valentina Tereshkova

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp da Facebook, yakan lafa ya sake tasowa, musamman idan watan Maris ya kama ana bikin ranar mata ta duniya. Hoton wata Baturiya ne sanye da hular 'yan sama jannati, a ƙasansa an rubuta cewa leburar masaƙa ce da ko firamare ba ta gama ba, gwamnatin Rasha ta ɗauko ta daga gaban inji ta harba ta duniyar wata. Wasu sukan ƙara gishiri su ce a can ta ji kiran salla ta musulunta. Wasu kuma su ce ai ba ta dawo ba, ƙonewa ta yi a hanya aka binne maganar. A inda ma'aikatan kamfani ke haɗuwa, teburin mai shayi na bakin masana'antun Sharaɗa ko wajen masu abinci a Bompai, labarin yana da farin jini. Dalilin a fili yake. Wanda ya kwana a gaban inji yana son ya ji cewa wani irinsa ya taɓa kaiwa inda ba a zata ba.

Matar dai gaskiya ce, sunanta Valentina Tereshkova, kuma ita ce mace ta farko da ta fita sararin samaniya. Aikin masaƙar ma gaskiya ne. Sauran kuwa sai an sa rariya.

An haife ta ranar 6 ga Maris 1937 a wani ƙauye mai suna Maslennikovo, a lardin Yaroslavl da ke arewa maso gabas da Mosko. Mahaifinta direban tarakta ne, aka ɗauke shi soja, ya rasu a yaƙin Tarayyar Soviet da Finland tana 'yar shekara biyu. Mahaifiyarta ta kwashi 'ya'yanta uku ta koma birnin Yaroslavl a bakin kogin Volga, ta kama aiki a masaƙar Krasny Perekop, ɗaya daga cikin tsofaffin masaƙun Rasha. Valentina ta yi makaranta shekara bakwai, sannan ta bari don ta taimaki gida. A 1954 ta shiga kamfanin taya, bayan shekara guda ta koma masaƙar da mahaifiyarta take, a sashen da ake ja da murɗa auduga kafin ta zama zare. Duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan sashe a masaƙun Kano lokacin da suke kan ganiyarsu ya san yanayinsa: ƙarar da sai ka kai baki kunnen abokin aikinka kafin ya ji ka, zafi, da farin gashin auduga da ke maƙalewa a gira da hanci, ga ido kullum a kan zaren da zai tsinke a ɗaura. A nan ta yi shekarun 'yan matancinta.

Inda saƙon ya fara kaucewa shi ne batun ilimi. Barin makaranta da ta yi ba barin karatu ba ne. Tana aikin kamfanin taya tana zuwa ajin yamma na matasan ma'aikata. Da ta koma masaƙa sai ta shiga kwalejin koyon fasahar ƙananan masana'antu ta hanyar karatu daga gida, ta gama a 1960 da takardar shaidar ƙwarewa a kaɗin auduga. A wannan tsakanin ne kuma ta shiga kulob ɗin jiragen sama na garinsu, ta yi dirar farko da laima daga jirgi ranar 21 ga Mayu 1959, tana da shekara 22. Ta ci gaba da dira har sau gommai, ta kafa ƙungiyar masu dira da laima a cikin masaƙar, aka kuma zaɓe ta sakatariyar ƙungiyar matasan jam'iyya ta ma'aikatar. Wannan ba yarinyar da aka tsinta a bakin inji ba ce. Mace ce da ta yi shekaru tana raba yininta uku, aiki da karatu da filin jirgi.

Dirar laimar ce ta buɗe mata ƙofa, kuma akwai dalili. Kumbon Vostok da Rashawa ke amfani da shi a lokacin ba ya sauka a hankali da mutum a cikinsa. Idan ya kusa ƙasa da kamar kilomita bakwai, sai ƙofa ta ɓalle, kujera ta cilla matuƙin waje, ya ƙarasa da laimarsa shi kaɗai. Haka ɗan sama jannatinsu Yuri Gagarin ya sauka a Afrilun 1961. Saboda haka da Janar Nikolai Kamanin, shugaban horar da 'yan sama jannati, ya samu izinin ɗaukar mata, sai aka nufi kulob-kulob na masu dira. Sharuɗɗan su ne mace ta kasance ƙasa da shekara 30, tsayinta bai wuce santimita 170 ba, nauyinta bai haura kilo 70 ba. Daga cikin mata fiye da 400 aka tace biyar a 1962: ita, da Valentina Ponomaryova, da Irina Solovyova, da Tatyana Kuznetsova, da Zhanna Yorkina. Sun sha horo iri ɗaya da na maza. An kulle su kwanaki a ɗakin da ba a jin motsin kowa, an gasa su a ɗakin zafi, an juya su a injin da ke ninka nauyin jiki, sun koyi tuƙin jirgin yaƙi na koyo, ga darussan roka da lissafin tafiya.

To, shin zamanta 'yar masaƙa ya taimaka wajen zaɓenta? Ya taimaka, wannan ɓangaren na ji-ta-ji-tar yana da tushe. Ponomaryova ta fi ta zurfin karatu, ta gama babbar kwalejin injiniyan jirage ta Mosko. Solovyova ta fi ta yawan dira nesa ba kusa ba. Amma gwamnatin Nikita Khrushchev tana neman wadda za ta nuna wa duniya a matsayin hujjar cewa tsarin gurguzu yana ɗaga talaka, ga kuma marainiyar soja, 'yar ma'aikaciya, mai iya magana a gaban jama'a. Siyasa ta sa hannu. Sai dai siyasar ta zaɓa ne daga cikin mata biyar da dukkansu suka ci jarrabawar, ba daga cikin dubban da ke masaƙa ba.

Ranar 16 ga Yuni 1963 aka harba ta daga Baikonur, a Kazakistan ta yau, cikin kumbon Vostok 6. Mahaifiyarta ba ta san komai ba, an ce mata 'yarta tana wani horon dira ne, sai a kafafen yaɗa labarai ta ji. Ɗakin da Valentina ta zauna a ciki dunƙulalle ne, faɗinsa mita 2.3, bai fi ƙaramin rumbun hatsi ba, kuma tana ɗaure a kujera cikin rigar sama da ƙatuwar hula kusan duk tsawon tafiyar. Ta kewaya duniya sau 48 cikin kwana biyu da awa 22 da minti 50. Kwana biyu kafin tashinta an harba Valery Bykovsky a Vostok 5, har kumbunan biyu suka kusanci juna da 'yan kilomitoci suka yi magana ta rediyo. Ranar 19 ga Yuni ta dira a yankin Altai, iska ta ja laimarta, ta bugu a hanci. Mutanen ƙauye suka taru suka taimaka mata, suka kawo mata abinci ta ci, ta rarraba musu ragowar guzurinta na kumbo, abin da likitoci suka yi mata faɗa a kansa domin sun so su auna ta tukuna. Shekararta 26. Har yau ita ce kaɗai macen da ta kewaya duniya a kumbo ba tare da abokin tafiya ba.

Wata fa? Ba ta je ba, ba ta ma kusa ba. Tsayin da ta yi bai wuce kilomita ɗari biyu da 'yan kai ba, alhali tsakaninmu da wata ya kai kimanin kilomita 384,000. Mutum 12 ne suka taka duniyar wata, daga 1969 zuwa 1972, dukkansu maza ne Amurkawa. Abin da ya haɗa ta da wata shi ne wani rami a bayansa da masana suka raɗa wa sunanta. Labarin kiran salla kuwa tsoho ne, da Neil Armstrong, ɗaya daga cikin waɗannan mutum 12, aka fara jingina shi, shi kuma ya ƙaryata tun yana raye, sai yanzu aka sauya masa riga aka yafa wa wannan mata. Ina ganin wannan ƙarin gishirin ya fi kowanne ɓaci, domin addinin gaskiya ba ya neman a tallafe shi da ƙarya. Ga Musulmi na haƙiƙa da suka je, in misali ake so. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985. Likita Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je a 2007 cikin watan azumi, har malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora kan salla da alƙibla. Rayyanah Barnawi, 'yar Saudiyya mai binciken lafiya, ta isa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Mayun 2023.

Zancen mutuwa a hanya shi ma yana da inda ya samo asali. Wasu 'yan'uwa biyu a birnin Turin na Italiya, masu sha'awar kama tashoshin rediyo, sun yi iƙirarin cewa a farkon shekarun 1960 sun naɗi muryar wata Barashiya tana kukan zafi a sama. Mutane sun yarda ne saboda Tarayyar Soviet ta saba ɓoye asara. Misali, Valentin Bondarenko, matashin da ke cikin horo, ya ƙone a ɗakin gwaji a Maris 1961, ba a faɗa wa duniya ba sai 1986. Amma bayan rushewar Tarayyar an buɗe takardu, an buga littafin da Kamanin ke rubuta abubuwan yau da kullum, injiniyoyin shirin sun rubuta tarihinsu, ba a samu ko mace ɗaya da ta mutu a kumbo ba. 'Yan sama jannatin Soviet da suka mutu a tafiya an san su: Vladimir Komarov a 1967, da mutum uku na Soyuz 11 a 1971.

Akwai kuma masu rage mata daraja, su ce kaya kawai aka ɗora, ta yi ta amai da kuka har aka sauko da ita. Gaskiya ne ta sha wuya. Ta yi amai, ita ta ce abincin ne bai karɓe ta ba. Hular ta dame ta a kafaɗa, kuma gwajin juya kumbon da hannu bai yi mata daidai a karon farko ba, abin da ya ɓata wa babban injiniya Sergei Korolev rai, ko da yake ta yi shi daga baya kafin sauka. Amma ba a katse tafiyar ba. Hotunan da ta ɗauka na gefen duniya sun yi wa masana amfani wajen gano ƙurar da ke can saman iska. Bayan shekaru masu yawa ta bayyana cewa an yi kuskure a tsarin na'urar da ke juya kumbon, ta yadda maimakon ya karkata zuwa sauka sai ya nufi ƙara nisa, ita ta lura ta sanar, aka turo gyara daga ƙasa, Korolev kuma ya roƙe ta ta yi shiru. Tashin zuciya a sama ba ciwon mata ba ne, Gherman Titov ya yi fama da shi a 1961, kuma har gobe yana kama da yawa daga cikin masu zuwa.

A nan ya kamata Bakano ya san wani abu da ba kasafai ake faɗa ba. A waɗannan shekarun Kano tana cikin taswirar tseren sararin samaniya. Hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin shirin Mercury da suka zagaye duniya, wata kuma tana Zanzibar. Lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi. Kada dai a cakuɗa labari biyu: tashar ta Amurkawa ce, ba ta da hannu a tafiyar Tereshkova, Rashawa da nasu tashoshin suke jin ta. Abin lura shi ne idan aka haɗa duk awannin da Amurkawa shida na shirin Mercury suka yi a sama, ba su kai nata ita kaɗai ba. Sai kuma tatsuniyar wani Manjo Abacha Tunde, wai ɗan Najeriya da Rashawa suka manta a wata tashar sirri tun 1990, ana neman a tara miliyoyin daloli a dawo da shi. Wasiƙar 'yan damfara ce zalla, babu mutumin, babu tashar. Alaƙarmu ta gaskiya da rokokin Rasha ta fara ne da tauraron NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Plesetsk a Satumban 2003.

Aurenta ma bai tsira ba. Ta auri ɗan sama jannati Andriyan Nikolayev ranar 3 ga Nuwamba 1963, Khrushchev da kansa ya halarci bikin, shi ya sa ake cewa auren gwaji ne gwamnati ta ɗaura don a ga irin ɗan da za a haifa, wai kuma an haifi nakasasshiya. Gwamnati ta ci moriyar bikin, likitoci kuma sun sa ido a kan cikin, wannan haka yake. Amma 'yar da aka haifa a Yunin 1964 lafiyarta ƙalau, ta girma ta zama likita. Auren ya mutu a 1982.

Ƙaryar da ta fi wuyar ganewa ita ce wadda ke cewa tafiyarta shaida ce Rasha ta daidaita mata da maza. Da aka samu abin da ake so, wato riga Amurka, sai aka rufe ƙofa. Sauran matan huɗu babu wadda ta tashi, aka rusa rukuninsu a 1969. Sai da aka yi shekara 19 kafin Svetlana Savitskaya ta je a 1982, shi ma saboda an ji Amurka na shirin tura Sally Ride, wadda ta tashi a 1983. Daga 1963 zuwa 2022 matan Soviet da Rasha shida ne kacal suka je, alhali na Amurka sun kai gommai. Ita kanta Tereshkova ba a sake barinta ta tashi ba. Ta koma karatu, ta gama kwalejin injiniyan sojan sama ta Zhukovsky a 1969, ta samu babban digirin bincike a 1977, ta shugabanci kwamitin matan Soviet kusan shekara 20, ta kai muƙamin Manjo Janar a 1995. Wannan ita ce matar da ake ce wa ba ta gama firamare ba.

Ba kuma waliyyiya ba ce, kada masu sonta su ɓoye wannan. Tun 2011 take majalisar dokokin Rasha a jam'iyya mai mulki, kuma ita ce ta miƙe a Maris 2020 ta kawo shawarar a shafe lissafin wa'adin da Vladimir Putin ya riga ya yi, abin da ya ba shi damar zama har 2036. Mu da muka ga yunƙurin ta-zarce na Abacha a 1998, da na wa'adi na uku da majalisar dattawa ta kashe a 2006, da na Tandja a Nijar a 2009, mun san sunan wannan abu. A ganina ta zubar da wani ɓangare na girmanta a ranar, kuma Rashawa da dama sun faɗa mata haka. Bayan mamayar Yukren a 2022 ƙasashen Yamma sun sa ta cikin waɗanda suka ƙaƙaba wa takunkumi.

Abin da ya fi damuna da saƙon nan shi ne yadda yake mayar da komai sa'a, kamar mutum yana tsaye a bakin inji sai arziki ya faɗo masa. Idan aka karanta labarin yadda yake, abin da za a gani shi ne masaƙa mai aiki ba dare ba rana, albashi mai zuwa a kan lokaci, ajin yamma kusa da ma'aikata, kwalejin da ke karɓar lebura, da kulob ɗin da 'yar talaka za ta shiga jirgi ba da kuɗin ubanta ba. Kano ta taɓa riƙe wani yanki na wannan. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu, Sharaɗa ta biyo baya kashi-kashi, Challawa ta zama gidan majemu da manyan kamfanoni. A shekarun 1980 Najeriya tana da masaƙu fiye da 150, Kano da Kaduna ne cibiyarsu a Arewa, kuma sunaye irin su Gaskiya da Bagauda ba baƙi ba ne a kunnen Bakano. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya, har UNESCO ta karrama ta. Ma'aikaci yakan tashi daga aiki ya wuce aji, 'ya'yansa kuma su yi karatu da albashin masaƙa.

Sai wuta ta yi ƙaranci, baƙin mai da dizal suka yi tsada, darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, aka buɗe ƙofa ga yadin waje, 'yan fasa-ƙwauri suka cika Kantin Kwari da atamfar Sin, noman auduga a Funtuwa da Gusau ya ja baya. Yau idan ka bi wasu titunan Sharaɗa da Bompai za ka ga dogayen gine-ginen da aka mayar rumbunan ajiye kaya, wasu kuma ciyawa ta cinye harabarsu. Matan da ke aiki a yankin, masu tsince riɗi da zoɓo da masu aikin leda da roba, da yawansu 'yan aikin yini ne, babu takardar ɗauka balle hutun karatu. Yarinya mai kaifin Valentina tana cikinsu, ba na shakka. Kuma hanyar sama ba ta fi ƙarfin 'yar Najeriya ba: kwalejin koyon tuƙin jirgi tana nan Zariya tun 1964, Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a ƙasar nan, a can ta koya, daga baya ta shugabanci makarantar.

Don haka idan hoton nan ya sake shigowa wayarka, kada ka tura shi yadda ya zo. Goge wata, goge kiran salla, goge ƙonewa, ka rubuta cewa ma'aikaciyar masaƙa ce da ta yi karatun yamma. Ga masu kamfanoni a Sharaɗa da Challawa da Bompai, da ƙungiyoyin ƙwadago, da hukumar ilimin manya ta jiha, roƙona shi ne a ware ɗaki guda a kowace unguwar masana'antu, a sa malamai, a daidaita lokacin darasi da lokacin tashi daga aiki, a kuma bar ma'aikata mata su shiga ba tare da an yanke musu kuɗin yini ba.